Zahiri da Baɗini: Labarin Masu Ilmin Ɓoye na Yahudawa

Wanda ya sayi gyaɗa ya ɓare ta, ƙwayar yake ci, ɓawon kuwa ya watsar, ba mai ganin laifinsa. To, akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu ilmi a cikin al'ummai da yawa, ita ce: shin dokar addini haka take, watau ɓawo ce da aka rufe wata ma'ana a cikinta? In kuwa haka ne, wanda ya kai ga ma'anar yana da iznin ya yar da dokar? Tambayar ba ta wasa ba ce, gama an yi zamanin da amsarta ta raba mutane da gidajensu da dukiyarsu, wasu ma har da addininsu. An gwada ta an ga ƙarshenta sarai a cikin Yahudawa, wajen ma'abota wani ilmi da suke kira Kabbala. Ma'anar kalmar a harshen Ibrananci ita ce abin da aka karɓa, watau ilmin da almajiri ya karɓa daga bakin malaminsa. Tushenta ɗaya da kalmar nan ta Larabci, ƙabuli.

Babban littafin Yahudawa shi ne Attaura, sa'an nan littattafan annabawa da Zabura da sauransu. Malamansu na dā sun ƙidaya dokokin Attaura suka sami 613. Daga ciki 248 umarni ne na a aikata, 365 kuwa hani ne. Suka ce na farko adadin gaɓoɓin ɗan Adam ne bisa ƙidayarsu, na biyu kuma adadin kwanakin shekara. Dokokin nan sun shiga ko'ina cikin zaman mutum: abin da zai ci da wanda ba zai ci ba, hutun ranar Asabar, har da hana sa tufar da aka saƙa da ulu da lilin a haɗe. Wasu dalilinsu a fili yake, kamar hana sata da shaidar zur. Wasu kuwa an faɗe su ba a faɗi dalili ba, kuma a nan ne mai bincike yakan fara tambayar ko akwai wani abu a ƙarƙashin maganar.

A ƙarni na 13 malamansu na ƙasar Sifen suka tsara cewa hanyoyin fahimtar aya huɗu ne. Ta farko ma'anar zahiri, yadda kowa zai ji ta. Ta biyu ishara. Ta uku wa'azi da fitar da hukunci. Ta huɗu asiri. Da suka ɗauki harafin farko na kowane suna cikin huɗun nan a harshensu suka haɗa, sai ya ba da kalmar Fardes, watau lambu. Ita da Firdausi asalinsu ɗaya, daga harshen Farisa.

Ɗaya daga cikin dabarun isharar nan ita ce hisabi. Haruffan Ibrananci 22 ne, kowanne da adadinsa, kuma wanda ya san abajada ba zai yi baƙunta a cikinsu ba, gama alif ɗaya ne, ba biyu, dal huɗu, kamar yadda aka saba. Ga misali. Kalmar da ke nufin ɗaya a harshensu, ehad, adadinta 13. Kalmar da ke nufin ƙauna, ahaba, ita ma 13. In aka haɗa su sun zama 26, wannan kuwa shi ne adadin sunan Ubangiji mai haruffa huɗu wanda Bayahude ba ya furtawa don girmamawa. Sai suka ce ashe kaɗaita Allah da ƙauna ba su rabuwa. Magana ce mai daɗin ji, babu kuwa wanda za ta cutar. Amma mai karatu ya riƙe wannan dabara a ransa, don za a sake gamuwa da ita a hannun wasu mutane dabam.

Tun kafin wannan, malaman Yahudawa sun san lambun nan yana da hatsari. A cikin Talmud, babban littafinsu na fiƙihu da hadisai, akwai labarin malamai huɗu na ƙarni na 2 da suka shiga lambun asiri. Ben Azzai ya leƙa ya mutu. Ben Zoma ya leƙa hankalinsa ya taɓu. Elisha ɗan Abuya ya shiga saran dashe, watau ya bar addini, har daga baya malamai suka daina ambaton sunansa, sai dai su ce Wancan. Akiba kaɗai ya shiga lafiya ya fito lafiya. Shi wannan Akiba, an ce makiyayi ne wanda bai san ko alif ba har ya kai shekara arba'in. Wata rana ya ga yadda ɗigon ruwa ya huda dutse a bakin rijiya, ya ce in ruwa mai taushi ya iya wannan, karatu ma ya iya shiga kansa. Ya tafi ya zauna tare da yara ya fara daga harafin farko. Abin lura ne cewa cikin huɗun, wanda ya tsira shi ne wanda ya fi daɗewa yana wahala da zahirin haruffa.

Littafin da ya zama uwa ga wannan ilmi sunansa Zohar, watau Haske. Ya bayyana a Kastila cikin ƙasar Sifen wajen ƙarshen ƙarni na 13, a hannun wani malami Musa mutumin Liyon. Shi Musa ya ce kwafe shi yake yi daga tsohon littafin Sham'un bar Yohai, malamin da ya yi zamani a Falasɗinu shekara fiye da dubu kafin nan. A 1305 wani matafiyi, Isiyaku mutumin Akka, ya zo Sifen yana bin diddigin littafin. Musa ya yi masa alkawarin nuna masa asalin, amma ya rasu a hanya kafin ya isa gida. Daga baya Isiyaku ya ji labari cewa matar marigayin ta ce babu wani tsohon littafi, daga kansa mijinta yake rubutawa, ya jingina wa wani ne don a saya da daraja. Masu bincike na zamani, babbansu Gershom Sholem wanda ya rasu a 1982, sun duba harshen littafin suka tabbatar yawancinsa rubutun ƙarni na 13 ne. Masu riƙo da gargajiya har yanzu ga Sham'un suke dangana shi. Wannan tabo ne, ba a ɓoye shi. Amma abin da littafin ya ce game da tambayar nan ya cancanci a saurara.

Zohar ya kamanta Attaura da mutum. Labarun da ke cikinta su ne riga, dokokin su ne jiki, asirin kuwa shi ne rai. Wawa yakan ga riga mai kyau ya tsaya nan, mai hankali ya dubi jiki, mai hikima ya nemi rai. To, a duba misalin da kyau. Ba a ce dokoki riga ba ne da za a tuɓe, an ce jiki ne. Mutum yana iya sake riga, amma ranar da rai ya rabu da jiki sunan abin mutuwa.

A 1492 sarakunan Sifen suka kori dukan Yahudawan ƙasarsu, sai wanda ya yarda ya zama Kirista. Da yawa suka nufi ƙasashen Daular Usmaniyya, Sarkin Santambul ya karɓe su. Bayan Turkawa sun ci Falasɗinu a 1516, wasu suka taru a wani gari kan tudun Galili da ake kira Safad. Sana'arsu saƙa da rini da cinikin ulu. A wannan ƙaramin gari na masaƙa, cikin ƙarni na 16, aka tara malaman da har yau Yahudawa ke cin moriyarsu. Akwai Yusufu Karo, wanda ya rubuta littafin fiƙihun da aka buga a birnin Benis a 1565, wanda ya zama madogarar hukunci ga Yahudawan duniya. Shi kansa Karo ma'abocin ilmin ɓoye ne. Ke nan a Safad mai tsare zahiri da mai neman baɗini sau da yawa mutum ɗaya ne.

Almajirinsa Musa Kordobero, wanda aka haifa a 1522, shi ya tsara koyarwar Kabbala ta zauna daidai. Suna cewa zatin Allah ba shi da iyaka, hankali ba ya kai gare shi, harshe ba ya siffanta shi. Amma yana bayyana ga halitta ta siffofi goma, waɗanda suke kira sefirot. Tun da daɗewa wasu malaman Yahudawa suka soki wannan, suka ce mai kaɗaita Allah me ya haɗa shi da goma? Kordobero ya amsa da misalin ruwa da aka zuba a kwalabe masu launi iri iri. Mai kallo ya ga ja, ya ga kore, alhali ruwan ɗaya ne, ba shi da launi. Ko amsar ta gamsar ko ba ta gamsar ba, wannan gardama ce ta masu ilmin tauhidi. Abin da ya shafi hali shi ne uku daga cikin siffofin: alheri a dama, hukunci a hagu, rahama a tsakiya tana daidaita su. Da wannan suka karanta labarin kakanninsu, suka ce Ibrahimu alheri ne, Isiyaku tsoro ne da hukunci, Yakubu kuwa shi ne ma'auni tsakaninsu. Suka kuma ce mugunta ba daga wani wuri can ta fito ba, hukunci ne da ya tsinke daga alheri ya zama mai cin gashin kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai mulki wanda ya san doka sarai amma ba ya da tausayi ko kaɗan, ya san abin da suke nufi.

Kordobero ya rubuta manyan littattafai masu wuya, amma wanda ya fi shiga hannun jama'a ɗan ƙarami ne mai babi goma, sunansa Dabinon Debora. Maganarsa ita ce: an ce an halicci mutum bisa kamannin Ubangijinsa, to, kamannin nan na aiki ne, kuma abin kunya ne mutum ya ɗauki sunan ya bar aikin. Ya ɗauko ayoyi uku na ƙarshen littafin Mika ya fitar da halaye 13 na rahama, ya ce kowanne aiki ne a wuyan ɗan Adam.

Na farkonsu ya isa a tsaya a kansa. Ya ce babu lokacin da mutum ke motsa hannu sai da ƙarfin da Allah ke ba shi a wannan lokacin. Saboda haka mai saɓo, da ƙarfin Allah yake saɓa wa Allah. Da Ya so, da Ya busar da hannun nan take. Amma Yana ɗauke da wulakancin, bai kuwa yanke abincin mai wulakanta Shi ba. To, haka ake son mutum ya zama: wanda ka yi wa alheri ya juya ya zage ka da bakin da ka ciyar, kada ka janye alherinka daga gare shi. Wannan magana tana da nauyi ƙwarai, kuma mai hankali yana iya ja da ita. Uban da ɗansa ke kai kuɗinsa gidan caca, in ya ci gaba da ba shi, alheri ya yi ko ɓarna? Amsar da za a samu daga koyarwarsu ita ce alheri ma in ya tsinke daga hukunci ya lalace. Uba ya hana kuɗin caca, amma kada ya hana tuwo, kada kuma ya rufe ƙofar komowa. Abin da aka hana shi ne ramuwa da ke sa rigar horo.

Daga nan ya bi gaɓoɓin fuska ɗaya ɗaya. Goshi kada ya yi tauri ga mai neman sulhu. Kunne kada ya buɗe ga tsegumi. Ido kada ya kauce daga matalauci. Hanci, wanda a harshensu shi ne mazaunin fushi, kada ya yi huci. Ya kai maganar har ga dabbobi da tsirrai, ya ce kada a tumɓuke tsiro ko a kashe mai rai sai da bukata. Ya kawo labarin Malam Yahuda, shugaban malamai a zamaninsa, wanda wani maraƙi da za a kai mayanka ya gudo ya ɓuya cikin rigarsa yana kuka, shi kuwa ya kore shi ya ce don haka aka halicce shi. Ciwo ya kama malamin shekara 13. Bai warke ba sai ranar da ya hana baiwarsa share wasu 'ya'yan ƙananan dabbobi da ta samu a ɗaki. Malam Yahuda bai karya doka ba, gama yankan maraƙi halal ne. Abin da aka kama shi da shi rashin tausayi ne a cikin halal. A nan baɗini ya ƙara wa malamin kaya ne a kan na zahiri.

Kordobero ya rasu a 1570. Jim kaɗan kafin rasuwarsa wani saurayin malami ya iso Safad daga Masar, sunansa Isiyaku Luriya. Shekara biyu da 'yan watanni kaɗai ya yi a garin, annoba ta ɗauke shi a 1572 yana da shekara 38. Bai rubuta abin kirki da hannunsa ba, almajirinsa Hayim Bital ne ya tattara koyarwarsa. Luriya ya ce da Allah Ya nufi halitta, sai Ya janye haskensa don a sami fili inda wani abu zai iya kasancewa. Sa'an nan Ya zubo haske a cikin wasu tukwane, tukwanen suka kasa ɗauka suka fashe, tartsatsin hasken ya warwatse ya maƙale a cikin sakaina. Waɗannan sakaina su ne mazaunin mugunta, kuma sunan da ya ba su a harshensa ma'anarsa ɓawo. Aikin ɗan Adam shi ne gyara: duk dokar da ya cika da niyya, duk lomar da ya ci da godiya, ya tsamo tartsatsi ɗaya ya mayar da shi mazauninsa. Ba wuya a gane abin da ya sa koyarwar nan ta kama zukatan mutanen da aka kora daga ƙasa zuwa ƙasa. Ta gaya musu warwatsuwarsu aike ce, kuma masaƙi a bakin masaƙarsa yana da hannu a gyaran duniya.

Yaya mai irin wannan ilmi yake zama da mutane? Bital ya ba da labarin malaminsa. Ya ce in ɗan ƙodago ya yi masa aiki, ba ya bari rana ta faɗi bai biya shi ba. In ba shi da kuɗi sai ya jinkirta addu'ar yamma ya fita neman rance, gama a ganinsa ba shi da fuskar tsayawa gaban Ubangiji da haƙƙin ma'aikaci a wuyansa. Ya umarci almajiransa, kafin su fara addu'ar safe, kowa ya ɗaura niyyar ƙaunar ɗan'uwansa kamar kansa. Fushi kuwa ya fi ƙinsa bisa sauran laifuffuka, ko da fushin don kishin addini ne, ya ce sauran zunubai gaɓa ɗaya suke ɓatawa, fushi kuwa ran gaba ɗaya yake kora. Shi Bital ya tambayi kansa me ya sa ba a lissafa girman kai da hassada cikin dokoki 613 ba. Ya amsa cewa hali shi ne harsashin da aka gina dokokin a kansa, saboda haka mugun hali ya fi saɓo guda hatsari.

Duk da haka akwai abin dubawa. In mutum ya ba mayunwaci abinci don ya tsamo tartsatsi ya gyara sama, ashe mayunwacin bai zama tsani kawai ba? Mai bara yana son a gan shi a matsayin mutum mai jin yunwa. Mai bayarwa kuwa, in idonsa na can sama, yana iya miƙa tuwon bai ko dubi fuskar mai karɓa ba. Sa'an nan ga maganar wanda bai yi karatu ba. Almajiran Luriya sun tsara niyyoyi masu wuya ga kowace kalmar addu'a, har ya zama sai gwani ke iyawa. To, talaka fa, addu'arsa ɓawo ce? Yahudawan Folan da Yukren na ƙarni na 18, mabiyan wani malami da ake wa laƙabi da Ba'al Shem Tob, su suka amsa wannan. Suna ba da labarin wani baƙauye da ya shiga majami'a bai iya addu'a ba, sai ya dinga karanta haruffa daga farko zuwa ƙarshe, yana roƙon Ubangiji Ya harhaɗa su da kansa yadda ya dace, aka kuwa ce addu'arsa ta riga ta malamai shiga.

Amma babbar jarrabawa ta zo a 1665. Akwai wani mutumin Izmir a ƙasar Turkiyya, Shabbatai Sebi, an haife shi a 1626. Yana da murya mai daɗi da kwarjini, ya kuma sha karatun Zohar. Wani lokaci sai baƙin ciki ya rufe shi ya ƙi ganin kowa, wani lokaci sai ya tashi da zumuɗi ya aikata abin da doka ta hana a bainar jama'a, kamar furta sunan nan da ba a furtawa. An kore shi daga gari fiye da ɗaya. A Gaza ya gamu da wani saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa, Natan, wanda ya ce an nuna masa Shabbatai shi ne Almasihun da Yahudawa ke jira. Wasiƙu suka bazu daga Yaman har Amsterdam. Shabbatai ya ci kitsen da Attaura ta haramta, ya sa wasu suka ci, ya kuma mai da ranar azumin tunawa da rushewar Haikalin Ƙudus ta zama ranar biki.

Da aka tambayi dalili, sai aka kawo asiri. Aka koma ga hisabin nan. Kalmar maciji a Ibrananci, nahash, adadinta 358. Kalmar Almasihu, mashiah, ita ma 358. Suka ce ashe Almasihu maciji ne mai tsarki, dole ya shiga ramin mugunta don ya tsamo tartsatsin da ya fi nisa, saboda haka saɓonsa ibada ce. Lissafin daidai yake, ba a yi kuskuren ko ɗaya ba. Dabarar da ta haɗa ɗaya da ƙauna, ita ce ta haɗa mai ceto da maciji, gama ƙidaya ba ta san abin da take ƙidayawa ba.

Wata mata 'yar kasuwa a Hambag ta ƙasar Jamus, Gilikil, ta rubuta tarihin rayuwarta, a ciki ta ba da labarin surukinta, dattijo, wanda ya bar gidansa da kayansa, ya aiko musu da manyan ganguna biyu cike da tufafi da wake da busasshen nama, guzurin tafiya Ƙasa Mai Tsarki. Gangunan suka zauna a ɗaure fiye da shekara ana jiran kira. Malamai kaɗan ne suka tsaya suka ce a'a, cikinsu akwai Yakubu Sasfortas, wanda shi ma a Hambag yake a lokacin, ya kuwa sha tsangwama.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A farkon 1666 hukumar Turkawa ta kama Shabbatai ta tsare shi a Galiboli. A watan Satumba aka kai shi Edirne gaban majalisar Sarki Muhammadu na Huɗu, aka ba shi zaɓi tsakanin kisa da musulunta. Ya ɗaura rawani, aka sa masa suna Aziz Muhammadu, aka yanka masa albashi. Yawancin mabiyansa suka koma gida da kunya. Amma wasu suka ce wannan ma asiri ne, ya shiga ne a zahiri kawai, zuciyarsa na wani wuri. Daga nan fuska biyu ta zama musu aƙida: a nuna wani addini a waje, a riƙe wani a ɓoye. Bayan shekara kusan ɗari, wani Yakubu Farank ya tashi a ƙasar Folan ya kai maganar iyakarta, ya ce cika doka shi ne karya ta, aka tuhumi jama'arsa da lalata matan juna da sunan ibada. A 1759 shi da mabiyansa masu yawa suka shiga Kiristanci, shi ma a zahiri.

To, littafi ɗaya Kordobero da Shabbatai suka karanta. Ina bambancin? Ba a zurfin ilmi yake ba, gama Natan na Gaza gwani ne. Ana iya gane shi ta duban wanda fassarar ta ɗora wa kaya da wanda ta sauke wa. Asirin Luriya ya fitar da shi neman rance don ya biya ma'aikaci. Asirin Shabbatai ya halatta masa abin da ransa ke so, ya kuma ɗora asarar a kan dattijo mai ganguna. In ma'anar ɓoye ta zo daidai da abin da mai fassara ke kwaɗayi tun farko, akwai dalilin a yi mata kallon tuhuma. Ma'aunin nan ba ya rasa aibi, gama a Safad ma an sami masu ƙuntata wa kansu da azumi da horon jiki fiye da kima, ƙari kuwa ba kullum yake zama gyara ba. Amma mai yawan azumi jikinsa yake ci, mai halatta haram kuwa jama'a yake ci. Da haka za a ga misalin gyaɗa bai dace da doka ba. Tulu da ruwa ya fi kusa. Ruwan ake so, gaskiya ne, amma wanda ya fasa tulun don ya nuna ya san haka, ƙasa ce za ta sha.

Bayan fitinar Farank, malamai suka taru a garin Brodi a 1756, suka yanke cewa kada wanda bai kai shekara 30 ba ya karanta Zohar, kada kuma wanda bai kai 40 ba ya taɓa littattafan Luriya. Ana gane tsoron da ya sa su, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai shekaru ba su ne maganin ba. Kordobero ya gama babban littafinsa a 1548 bai kai 30 ba. Luriya ya rasu bai kai 40 ba. Shabbatai kuwa shekararsa 40 cif a shekarar da ya tsaya a Edirne.

Wani malamin Lituwaniya, Isra'ila Salanta, ya bi wata hanya dabam. Ya ga almajirai sun ƙware a gardamar fiƙihu amma ba su san riƙe harshensu ba, ya kafa tsarin ware lokaci kowace rana don karatun gyaran hali. Ba ya koyar da asirin sefirot, amma a 1858 aka sake buga Dabinon Debora tare da wata wasiƙarsa ta nasiha a haɗe. Har yau a makarantun Yahudawa da yawa ana karanta ɗan littafin nan a watan da ke gaban sabuwar shekararsu, lokacin da kowa ke zagawa yana neman gafarar waɗanda ya ɓata wa.